Bajimi Ɗaya, Masu Saye Biyu

Duk wanda ya saba shiga karar shanu ta Mai'aduwa ran Lahadi ya san Maliki na Unguwar Gawo. Dogon tsoho ne, baƙi, mai ɗan ɗingishi tun da wani sa ya take shi yana saurayi. Manomi ne na gero da wake, amma abin da ya riƙe gidansa shi ne turka. In an gama kaka sai ya sayi ramammen sa cikin waɗanda ake gangarowa da su daga Nijar, ya ɗaure shi a bayan rumbu, ya yi ta ɗura masa harawa da dusa da 'ya'yan gawo, har ya yi tozo ya cika ido, sannan ya kai shi kasuwa. Da wannan ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya sa wa ɗakin matarsa Haulatu kwano.

Ba shi da dukiyar da za a nuna. Abin da yake da shi a kara shi ne bakinsa. A cinikin dabba, mai saye yakan taya, mai dabba ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, ko sau nawa ya ga dama, ba mai jin haushi. Amma in ya ce "na sallama", to, magana ta ƙare, ko da wani zai zo da ninki a bayan nan. Tun zamanin da ake ciniki da fam da sule ba a taɓa jin Maliki ya sallama ya dawo ba. Haka kuma in ya nuna dabba ya ce, "A riƙe mini wannan, zan kawo kuɗi da la'asar," sai a janye ta gefe ba tare da an nemi ko sisi ba.

Dillalinsa kuwa wani Ja'afaru ne. Shi zai karɓi igiya, ya tsaya a rana, ya yi ta jan masu saye, ya yi rantsuwa, ya yi ba'a. In ciniki ya faɗa ya ɗauki la'adarsa, in bai faɗa ba ya miƙa wa Maliki igiyarsa ya ce Allah ya kai mu wata Lahadin. Da Allah ya yi wa Ja'afaru rasuwa, sai kasuwa ta fita daga ran Maliki. Ga ƙafa ta ƙara tsanani, ga kuɗin motar ɗaukar dabba ya zama abin da ya zama.

A wannan shekarar ce Musaddiƙ ya zo garin. Magidanci ne, tsohon malamin gona, wanda ya zama wakilin wani kamfani mai manhajar gwanjon dabbobi a waya. Ya tara manoma a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ce yanzu mutum zai ɗauki hoton dabbarsa a gida, fatake daga Kano har Kudu su gani su taya, ba wahalar hanya. Sharaɗi ɗaya ne: kowa zai riƙa biyan kuɗin rajista duk wata.

"Duk wata?" in ji wani dattijo. "In an sayar ke nan?"

"An sayar ko ba a sayar ba, Baba."

Wuri ya kaure. Wani ya ce jangali ne ya dawo ta cikin waya. Wani ya ce gara jangali, shi a shekara ake biya. Wani matashin magidanci ya ce ai in aka haɗa kuɗin mota da na shiga kara da la'ada, rajistar ta fi sauƙi. Aka ce masa ya yi shiru, shi da ko akuya bai taɓa turkewa ba.

Maliki ya buga sandarsa a ƙasa.

"Musaddiƙ, dillalin naka zai tsaya a rana?"

"Kawu, na'ura ce."

"Zai rantse mini cewa mai sayen ba ɗan damfara ba ne?"

"Akwai ƙa'idoji."

"To dillalin da ba ya shan rana, ba ya rantsuwa, kuma ya ci la'ada kafin ciniki, a garinmu ɓarawo muke ce masa. Ni sa ɗaya nake sayarwa a shekara. Alhajin da ke loda tirela duk mako, kuɗinmu ɗaya?"

"Ɗaya ne, Kawu."

"Allah ya sawwaƙe."

Ya tashi ya tafi gida. Amma bajimin bana ya kai, ja ne mai faɗin baya, yana cin abinci kamar wuta, dusa kuwa kullum tsada take ƙarawa. Haulatu ce ta sa shi gaba.

"Malam, da wace ƙafar za ka kai shi Mai'aduwa? In ya fizge ka fa? Ga wayar da 'yarmu Shatu ta aiko maka, kullum tana ƙarƙashin matashi kamar laya."

Ya yi kwanaki yana faɗa, sannan ya aika aka kira Musaddiƙ. Ya biya, aka ɗauki hoton bajimin gaba da baya. Musaddiƙ ya zauna yana bayyana masa yadda gwanjo yake: ana sa ranar rufewa, wanda tayinsa ya fi na kowa a ranar shi ne mai dabba, kuma kafin nan ba a sayarwa a gefe. Ya faɗa, ba za a yi masa ƙarya ba. Sai dai Maliki bai ji ba, domin a lokacin yana ta lissafa wa Haulatu yawan dusar da kuɗin nan za su saya.

Wata ya ƙare ba wanda ya taya. Musaddiƙ ya dawo ya ce in ba a sabunta ba hoton zai sauka.

"Wato in biya ladan aikin da ba a yi ba?"

"An yi aiki, Kawu. Mutane da yawa sun kalla."

"Kallo? Ai yaran unguwa ma suna kallonsa ta kan danga, kyauta!"

Ya biya dai, yana ƙunƙuni, aka sake sa ranar rufewa.

Ana nan sai ga Mahdi, wani mahauci na cikin Daura, ya faka babur a ƙofar gida. Sun san juna a kara shekara da shekaru. Ya ce ya ga jan sa a waya, ya gane rumbun Maliki a bayan hoton, shi kuwa ba ya cinikin biri a sama. Ya shiga ya matsa tozo, ya kama gindin wutsiya, ya duba haƙora, ya taɓe baki.

"Duk ruwa ne, tsoho. Kanwa ka ɗura masa."

"Ruwan ne ya taso ka tun daga Daura? Taya, ko ka ba ni wuri."

Mahdi ya taya, Maliki ya ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Ya kama hanyar babur kamar zai tafi, ya dawo, ya ƙara. Maliki ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba, irin na cinikin da ake yi ido da ido. Ya miƙa hannu a gaban maƙwabta biyu ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka." Mahdi ya ba da kafin alƙalami, ya ce a bar masa san a turke, zai zo da sauran kuɗi ran Asabar.

A wurin Maliki waya ta gama aikinta: ta kawo mai saye, an yi ciniki. Ya mayar da ita ƙarƙashin matashi. Bai san cewa tayi na ta hawa a cikinta ba.

Ran Asabar da hantsi, kafin Mahdi ya iso, wata motar ɗaukar shanu ta tsaya a ƙofar gidan. Musaddiƙ ya sauko yana murmushi, tare da wani mutum mai furfura a gemu.

"Kawu, albishirinka! An rufe gwanjo jiya. Ga Alhaji Abdulrazaƙ daga Kano, shi ya ci. Ka ga amfanin rajista?"

Da ya faɗi kuɗin, Haulatu da ke bayan ƙofa ta yi salati. Sun haura na Mahdi da abin da zai ciyar da sabon sa rabin shekara.

Maliki ya ce, "Wane sa?"

"Jan nan mana."

"Na sallama shi tun Talata."

Murmushin Musaddiƙ ya ɗauke. Ana cikin haka Mahdi ya iso da yaransa da igiya, maƙwabta suka taru. Alhaji Abdulrazaƙ ba mutumin banza ba ne. Ya yi magana a hankali da farko. Ya ce shi ma yana biyan kuɗin nan duk wata, ya tura wa kamfani kuɗin bajimin, ya ɗauko mota tun daga Kano, ya kuma riga ya yi wa wani alkawarin san.

"Alhaji, ban san ka ba, ban ji tayinka ba, ban ce maka na sallama ba."

"Da ka sa shi a gwanjo ka sallama wa duk wanda ya fi, Malam. Haka ƙa'idar take."

"Na gaya maka, Kawu," in ji Musaddiƙ. "A nan, kan tabarmar nan."

Maliki ya juya kan Musaddiƙ.

"Ka gaya mini! Da lokacin karɓar kuɗi ya yi, ka san hanyar gidana har sau biyu. Da aka fara taya sana, ƙafarka ta karye? Ja'afaru in an taya ko da sule ne sai ya zo ya raɗa mini a kunne. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski!"

"Saƙo yana shigowa wayarka."

"Wayar ce ta karɓi kuɗina ko kai?"

Haulatu ta yafito Maliki zaure, ta yi ƙasa da murya. "Malam, ka roƙi Mahdi ya janye. Ka mayar masa da kuɗinsa, ka ɗora masa wani abu. Zai yarda."

Zai yiwu ya yarda ɗin, domin Mahdi na tsaye yana kallon ƙasa, kunya ta kama shi. Maliki ya san haka. Ya kuma san abin da za a ce gobe a kara: tsohon ya ga kuɗi ya lashe amansa. Ya wuce bayan rumbu, ya kwance bajimin da hannunsa, ya jawo shi har ƙofar gida, ya sa igiyar a hannun Mahdi.

"Ja kayanka."

Nan Alhaji Abdulrazaƙ ya fusata. Ya ce a gaban jama'a, "Ashe dattijon mai baki biyu ne." Ba a taɓa gaya wa Maliki haka ba tun da aka haife shi. Daga baya ya shiga gida, ya ƙirgo kuɗin man mota daga cikin na Mahdi, ya miƙa wa direba, domin ya san baƙon ma an cuce shi. Alhajin bai ko dube shi ba, suka tafi.

Bayan kwana biyu Musaddiƙ ya zo, bai ko zauna ba. Ya ce kamfani ya mayar wa Alhaji kuɗinsa, amma an sa jan tambari a kan sunan Maliki da hotonsa, an rubuta cewa ya saɓa ciniki, kuma duk mai manhajar zai gani. Ana iya ɗaukaka ƙara, sai dai ba a sauraron wanda rajistarsa ta ƙare, tasa kuwa saura kaɗan.

"In biya su su goge ƙaryar da suka yi mini?"

"Ba ƙarya ba ce a wurinsu, Kawu."

"Fita mini daga gida."

Bai biya ba. A ƙofar masallaci aka yi ta maganar. Waɗansu suka ce ya yi daidai, suka fasa rajistar da suka yi niyya. Waɗansu suka ce taurin kai ne, wanda ya shiga rawa ai sai ya bi kiɗa. Mafi yawa dai suka tsaya a kan cewa in kamfani na son kuɗinsu, ya jira ciniki ya faɗa ya ɗauki la'ada kamar kowane dillali.

Da kaka ta yi, Maliki ya hau mota zuwa Mai'aduwa neman sabon sa. Ya zaga har ya ga wani baƙi mai dogon ƙashi a hannun wani falke da bai sani ba. Suka daidaita. Maliki ya ce, kamar yadda ya saba, "A riƙe mini shi, kuɗina na wurin wani mai shago a cikin gari. Zan kawo da la'asar."

Falken ya tambayi sunansa. Ya ciro waya, ya latsa, ya dubi fuskar tsohon, ya sake duban wayar.

"Baba, ka yi haƙuri. Kuɗi a hannu, ko ka kawo wanda zai tsaya maka."

"Ni? A karar nan?"

"Ga shi a rubuce, Baba. Ba ni na rubuta ba."

Maliki ya ɗaga sanda kamar zai make wayar, mutane suka riƙe shi. Hayaniyar ce ta jawo Mahdi daga wajen tumaki. Ya kutsa ya tsaya tsakaninsu.

"Kai, ɗan'uwa, jan san da aka rubuta maganarsa a wayar nan ni na yanka shi. Riƙe masa. In bai dawo ba, ka kama ni."

Falken ya janye baƙin san gefe. Mahdi ya ce, "Shi ke nan, tsoho, an riƙe maka."

"Da bakinka aka riƙe," in ji Maliki, "ba da nawa ba."

Ya juya ya nufi cikin gari ɗauko kuɗin, yana tafe yana faɗa shi kaɗai, mutane suna kauce masa.