Ramuka Biyu a Ƙarƙashin Rawani

Jiya da hantsi wani tsoho ya wuce ta bayan tagata a Gwallameji yana jan takalmi ɗaya, shaa, shaa. Ka yi haƙuri, mai karatu, wannan sautin ba zai bar ni ba sai na ba ka labarin kakana.

Lokacin ina 'yar shekara tara, muna tare da shi a gidanmu na cikin gari. Kowa Malam yake kiransa. Dogo ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin kansa babu rawani sai wanzami, ko Baba ba ya shiga masa in ana aski. Ni kaɗai nake masa tsiya, ya ce min amarya, in ce masa tsohon miji. Wata rana a farkon damina hadari ya taso, ya fito da sauri zai kwashe littattafan da ya shanya, ƙofar ɗakinsa kuwa gajera ce irin ta da. Ƙum! Ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya ga ni kaɗai ce a tsakar gida, ya gyara rawani ya ce, "Amarya, ba ki ga komai ba. Rantse." Na rantse.

Sai da gero ya fitar da kai a gonakin Tirwun abin ya bayyana. Da fari takalminsa na hagu ya riƙa suɓucewa. Sannan ya yi tuntuɓe a surar da ya tsufa yana karantarwa. Sannan, da rana tsaka, ya fara matsawa gefen buzunsa yana cewa, "Bismillah, Yaya, zauna." Yayan nan nasa ya rasu tun ba a haifi Baba ba. Sai ka ga Malam ya karkata kai yana saurare, yana dariya ƙasa-ƙasa, yana miƙa goro wurin da babu kowa. Wallahi har yau ina ganin hannun nan a miƙe.

Mutanen gida suka ce iska ce. Aka yi ruƙiya, aka ba shi rubutu, aka yi hayaƙi har idanunmu suka yi ja. Ni kuwa na san ya buga kai, amma rantsuwar ta hana ni faɗa. Ranar da ya kasa tashi sallar azahar aka ɗauke shi zuwa asibiti, na maƙale a motar ina ihu har aka ƙyale ni.

Likitar, wata 'yar kudu mai Hausar kasuwa, ta haska idanunsa ta ce, "Tsohon nan ya faɗi? Ya buga kai?" Baba ya ce a'a. Gwaggo ta ce haba, Malam bai taɓa faɗuwa ba. Na dubi yadda yake jan numfashi da kyar, na ce a raina ko wuta zan shiga, sai dai in shiga.

"Ya buga," na ce. "Da ƙofa."

Hoton kai ya nuna tsohon jini ya taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. A ranar suka aske shi, suka huda ƙoƙon kansa wuri biyu, suka fitar da jinin. Bayan kwana uku ya kira kowa da sunansa.

Na yi ta ɓuya ina jiran fushinsa. Da ya dawo gida ya kira ni, ya kama yatsana ya cusa ƙarƙashin rawani. Na ji ramuka biyu, masu laushi, suna motsi da bugun jininsa.

"Kin karya rantsuwa, kuma kin yi daidai. Laifin nawa ne." Sai ya dubi gefen buzun ya daɗe. "Amma sun fitar min da Yaya tare da jinin."

Ya ƙara shekara shida a duniya da hankalinsa garau. Yanzu ƙofofinmu dogaye ne, kuma duk tsohon da ya fara rikicewa a danginmu, ni ce marar kunyar da ke cewa a cire masa hula a kai shi hoto. Buzun yana wurina. Malam bai sake zama a tsakiyarsa ba har ya rasu, ni ma har yau a gefe nake zama.