Tsaron da Na Jinkirta a Shagon Malam Umaru

Ina gidan yari labarin ya same ni. Ranar ziyara ce, yayata Asabe ta zo da tuwo a kwanon samira, ta ajiye, ba ta buɗe ba. Ta daɗe tana gyara mayafinta kafin ta ce, "Malam Umaru ya rasu. Shekaranjiya aka kai shi."

Na yi salati. Na tambaye ta ko ya ambace ni kafin ya cika.

Ta ce, "Ban sani ba. Wa za mu tambaya? Da wane ido za mu shiga gidan?"

Malam Umaru ubangidana ne, shi ya koya mini gyaran kwamfuta. Ina rubuta wannan ne domin matasa masu koyon irin wannan sana'a, su ji abin da na yi da ita.

Ni ɗan manoma ne daga wajen Wamakko. Na gama sakandare da kyar, ban ci gaba ba. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagon Malam Umaru a Kwalkwalawa, inda ɗaliban jami'a ke kawo kwamfutocinsu, masu shagunan buga takardu ma suna kawowa. Ya ce masa, "Ga ɗanka nan." Malam ya ce, "Na karɓa." Tun daga ranar, a kwano ɗaya muke cin abincin rana.

Yawancin kwamfutocin da ake kawo mana tsofaffi ne, 'yan gwanjo. Kukan masu su ɗaya ne: in an kunna, sai ta yi ta nishi ba ta tashi. Malam ya nuna mini dalili. Mutane kan sa antibairos, wato manhajar da ke kama ƙwayar cutar kwamfuta, sannan su ƙara wata manhajar tsaro mai kama masu leƙen asiri. In duka biyun suka tashi lokaci guda, sai su danne tsohuwar na'ura. Wani lokaci ma ɗaya ta ɗauki ɗaya a matsayin cuta, su yi ta kokawa.

Gyaran Malam mai sauƙi ne. Antibairos ya tashi tare da kwamfuta, ta biyun a jinkirta ta kaɗan ta biyo baya. Sannan akwai wurin da ake gaya wa kowace abin da za ta ƙyale kada ta bincika, sai a sa sunan 'yar'uwarta a nan, su zauna lafiya. Ya nanata mini abu ɗaya. "Ta biyu kaɗai aka jinkirtawa. Na farin, ko mai kwamfuta ya yi rantsuwa shina sauri, kak ka taɓa shi."

Na iya aikin har na fi shi sauri. Idanunsa sun fara rauni, sai ya bar mini teburin ciki, shi ya koma bakin ƙofa yana karɓar mutane. Duk kwamfutar da muka gyara, yakan manna mata 'yar takarda mai sunan shagon a ƙasa. Yana alfahari da wannan takarda.

Abin ya fara ne da ƙarami. Wani ɗalibi ya dame ni cewa kwamfutarsa har yanzu tana da nauyi. Don in rabu da shi, na jinkirta duka biyun. Ta tashi kamar sabuwa. Ya yi ta yabona, ya turo mini abokansa. Ban gaya wa Malam ba. Na ga babu abin da ya faru, sai na maimaita.

Daga baya na haɗu da wasu samari a wani zauren hira na waya. Ɗayansu ya turo mini wata 'yar manhaja da ke kwashe lambobin sirrin da aka adana a kwamfuta, ta aika wa wanda ya dasa ta. Ya ce matsalarta ɗaya, antibairos na kama ta da zarar ta motsa. Ni kuwa na riga na san maganin wannan. Na ce a raina gwadawa kawai zan yi.

Na san mutanenmu. Basakkwace ba ya kunna kwamfuta ya zauna yana kallonta. Zai danna, ya fita ya gaida maƙwabcin dama, ya tambayi iyali da gajiya da sanyin damina, ya juya ga na hagu, wataƙila ya tsaya wajen mai koko. Kafin ya dawo, komai ya tashi, alamar tsaro ta yi kore, hankalinsa kwance. Daidai tsawon wannan gaisuwa na auna jinkirin. A cikinsa manhajata ke gama aikinta. Na kuma sa sunanta a wurin nan da ake cewa a ƙyale, kusa da sunan manhajar tsaro ta biyu, yadda ko antibairos ya farka ba zai dube ta ba. Da ilimin Malam na yi duka, ban ƙara komai nawa ba.

Da farko leƙe kawai nake yi, hotuna da saƙonnin mutane. Sai na fara taɓa asusun banki, kaɗan kaɗan, yadda mai shi zai zaci cajin banki ne. Na sayi waya, na ɗinka shadda. Malam ya dube ni wata rana ya yi dariya ya ce, "Kai, wanga yaro, ko aure za a yi ba mu ji ba?" Na yi dariya ni ma.

Sai Hajiya Rabi ta kawo tata. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu noman shinkafa a Dundaye, kuma da wannan kwamfuta suke shiga asusun ƙungiyar. Ta ce wa Malam, "Ni ban san kan abin ga ba. Don amanarka na kawo ta." Malam ya miƙo mini ita ya ce in yi mata aiki mai kyau. Na yi mata abin da na saba. Wannan karon ban tsaya a kaɗan ba. Lokacin sayen taki ya zo, matan suka je, suka tarar babu komai. A shekarar, da yawansu ba su sa taki ba.

Ɗan Hajiya ya kai kwamfutar wajen wani mai gyara a cikin gari. Mutumin ya ga yadda aka jinkirta tsaron, ya ga abin da aka ɓoye. Suka juya ta, ga takardar shagonmu. 'Yan sanda suka zo da hantsi, ina can na je sayen kaya. Malam suka tarar. A gaban ɗalibai da maƙwabta aka sa shi a mota. An ce yana ta cewa, "Ku jira yarona ya dawo, shi zai yi muku bayani, kuskure anka yi."

Na ji labari a hanya. Ban koma shago ba, na wuce ƙauye wajen wani abokina na ɓuya. Na san inda Malam yake kwana, na san da hawan jini gare shi, kuma na yi shiru. Sai da aka bi sawun kuɗin har zuwa asusuna aka kamo ni, sannan aka sake shi. A kotu na amsa laifina, na ce ba shi da hannu. Amma kotu mutum nawa ta ɗauka? Abin da gari ya gani shi ne dattijo a bayan mota. Aka daina kai masa gyara. Ya rufe shagon. Bai zo kotu ba, bai aiko mini da zagi ba, bai aiko da komai ba. Ina cikin shekara ta biyu a ɗaure ya rasu.

Na fito bara. Na tuba ga Allah, ina roƙon Ya karɓa. Yanzu ina taya yayana noma, ba na taɓa kwamfutar kowa.

Ku da kuke koyon gyara, wanda ya miƙo muku na'urarsa ya miƙo muku gidansa ne a buɗe. Ranar da kuka kauce wa ƙa'idar ubangidanku don a yabe ku, ku gaya masa a ranar. Da na faɗa wa Malam zancen ɗalibin nan na farko, da faɗa kawai zan sha. Ku kuma masu kwamfuta, in za ku haɗa manhajar tsaro biyu, kada ku yarda a jinkirta antibairos ɗinku don sauri. Ku sa a nuna muku abubuwan da aka ce ya ƙyale, ku tambayi kowane ɗaya mene ne. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Tun da na fito nake bin mutanen da na cuta, ina neman gafara, ina kuma gaya musu cewa Malam Umaru bai san komai ba. Wasu sun saurare ni. Wasu sun ce in tashi musu daga ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Na je Dundaye, na yi sallama a gidan Hajiya Rabi. Ba ta fito ba. Daga zaure na ji muryarta tana ce wa ɗanta, "Ka ce mishi ya tafi. Shi da ubangidan nashi, Allah ya isa."

Na roƙi ɗan nata ya gaya mata cewa ni kaɗai ne, ta cire Malam daga ciki. Ya ce ba yau ba. Na sake komawa bayan girbi, aka ce ba ta nan.

Har yau Hajiya Rabi tana ganin da sanin Malam aka yi, kuma ban samu na gaya mata ba.