Inda Itace Ya Ƙare

Wana ya tafi karatu wata ƙasa can ƙarshen arewacin duniya, da ya gama kuma ya samu aiki a wurin haƙar ma'adinai. Duk sanda ya bugo waya Baba ne ke karɓewa. Baba mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, bai taɓa tambayar kuɗi ba, tambayarsa ɗaya ce: “Mi shanunsu ka ci?”

Wana ya yi ta kwatanta masa. Ya ce in ka nufi arewa a jirgin ƙasa, da farko daji ne baƙi ƙirin, itatuwa dogaye masu ganye kamar allura, ba sa kaɗewa rani da damina. Gaba kaɗan sai su fara tsuguno, har ka ga itacen da ya girme ka bai kai gwiwarka ba. Daga nan babu kome sai gansakuka manne da ƙasa, ita wasu dabbobi masu kama da barewa ke tonowa a ƙarƙashin ƙanƙara. A nan yake zaune. Baba ya yi dariya ya ce ko sabarar Bakura ta fi wannan arziki.

Cikin lokacin sanyinsu wana ya rasu. Wani abokin aikinsa Musulmi ne ya kira, ni nake fassara wa Baba. Baba na cikin masu gyaran kabari a unguwarmu, da hannunsa yake jera itace a kan mamaci kafin a sa ganye da laka, kuma bai yarda gawa ta wuni ba. Bai yi kuka ba, ya ce, “Tambaye shi, da wane icce anka ruhe shi?”

Na tambaya. Mutumin ya ce babu itace a wurin, ƙasar ma ta daskare, ba ta haƙuwa, hanyar fita kuma ta toshe. An yi masa wanka da salla, an ajiye shi a ɗakin sanyi sai ƙasa ta saki. Na so in yi ƙarya, harshena ya ƙi.

Masu gaisuwa suka zo har daga Faru da Dosara, kowa na cewa Allah ya sa ya huta, ɗan kuwa bai kwanta ba. Har yau abin na ci mini rai.

Da Baba ya koma kasuwa, naman da ya rage da yamma rabar da shi yake yi. Ya kasa buɗe firiji.