Cin Rani da Damina

Wahala dai mun sha ta, ba sai na yi wa zancen ado ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, kowa a Wudil ya duƙufa noman gyaɗa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mini gona a hanyar Kausani, da Inna, da ƙanena guda.

Tun muna yara ake ce mana Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya tafi cin rani Ikko bai dawo ba. In muka matsa da tambaya, sai Inna ta tura mu ɗiban ruwa.

Wata damina ƙanen nawa ya fara magana shi kaɗai. Barci ya ƙaurace masa. Sai ya tsaya bakin kogi yana amsa gaisuwar mutanen da babu mai ganinsu sai shi. Aka ba shi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Inna ta sa shi ɗakin ƙurya ta ja ƙyaure.

Rannan maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ina gindin rumbu ina jin su. Ta ce, "Ina autan naki? Kwana biyu ban ji waƙarsa ba."

Inna ta ce, "Ya tafi cin rani."

Matar ta kwashe da dariya. "Cin rani da damina? Ke ma dai! To wa zai yi muku maimai?"

Da ta fita na ce, "Inna, Baffa wace Ikkon ya je?"

Ba ta dube ni ba. "Ƙauyen Achika. Bayan gidan kakanku, ƙafarsa a turu. Nan ya ƙare. Ni nake kai masa tuwo ina amarya. Kakan naku ma irin ciwon nan ya yi." Ta share ido da gefen zane. "In aka ji, wa zai ba ku 'ya? Na aika wa maƙeri ya kawo mari a sa wa yaron nan."

Ban ga laifinta ba, ita kaɗai ta ɗauki wannan kaya shekara da shekaru. Ni ma na tsorata, don jini ɗaya ne. Har yau in na ji bakina yana motsi babu kowa kusa, sai in kama shi.

Da gari ya waye na buɗe ƙyauren. Ya ce, "Yaya, sun ce kada in fita."

Na ce, "Ka ce musu ciyawa ta cinye gyaɗa."

Na miƙa masa fartanya. Muka bi ta tsakiyar unguwa, shi a gaba ni a baya, ina tsayawa ina gaida kowa.