Matar da Ke Tafiya Kai Ƙasa

Ni magini ne, mutumin Kekun Waje. Kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau rumbuna nake ginawa, ina cin tuwona da gumina, ba a taɓa jin kaina da kowa ba.

Wata rana da hantsi ina yaɓe a wani ɗaki a Bungudu, ƙofa a rufe, sai haske ya shigo ta wani ɗan huji ya faɗa a bango. Na ga mata ƙanana suna wucewa da tuluna, kai ƙasa ƙafa sama. Na leƙa waje, ashe matan unguwa ne za su gulbi. Da na toshe hujin nan, da na huta. Maimakon haka na shafe bangon da farar ƙasa, na ce ni mai duba ne, ina nuna wa mutane mamatansu a bango.

Da fari goro kawai nake karɓa, ina dariya a ciki. Sannan Bawa ya zo, wani masaƙi daga Tsafe. Sun yi faɗa da matarsa Hanne, ta yi yaji, gulbi ya ci ta a hanya, shi kuwa ya ɗora wa kansa alhakinta. Na sa matata ta yafa baƙin zane ta gitta ta gaban hujin.

Bawa ya durƙusa a gaban bangon. "Malam, don mi taka tahiya kai ƙasa?"

Na ce, "Haka masu hushi ka tahiya a lahira. Ran da tay yahe ma, za ta miƙe."

Na san ba za ta taɓa miƙewa ba. Kullum yana tafe yana roƙon bango gafara. Awakinsa suka dawo gidana, gonarsa ta biyo su. Ya daina saƙa, ya daina wanka. Har 'yan'uwansa suka kama matata tana gittawa, alƙali ya ɗaure ni a Gusau.

A kurkuku na tuba. Da aka sake ni, Tsafe na fara zuwa. Na iske Bawa a bakin kasuwa cikin tsumma, ya duƙa, kansa tsakanin ƙafafunsa, yana kallon mata masu wucewa. Na tsuguna na gaya masa gaskiya duka, ina kuka.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yi shuru, Malam, na gane dabara. In ni na kihe, ai ita ta miƙe ke nan. Hitowa ce ba ta yi ba tukuna."

To ku ji, yara: awaki na mayar, gona na mayar. Hankalin Bawa ne na rasa inda zan samo. In kun ga mai baƙin ciki, ku ji tsoron Allah, kada ku ci abinci da hawayensa. A duƙe Bawa ya mutu, yana jiran gafarar da ni na ƙaga masa.