Hukuncin da Aka Soke

Lokacin da shari'ar gonar mahaifinmu ta Kagara ta kai babbar kotu a Minna, ni da yayana muka ɗauki wani lauya ɗan Bida mai ofis a unguwar Fadikpe. Wani maƙwabci ne ya ce rabin gonar tasa ce. Mu kuwa da dawarta aka raine mu.

Ni karatun zaure na yi, da ajami nake rubutu, boko sai kame-kame. Lauyan ya buɗe wani littafi mai kauri, ya ɗora yatsa a kan layi guda.

"Baba, duba nan. Sunan mai ƙara, sunan wanda ake ƙara. Shekara a cikin baka. Sai lambar kundi, sai haruffan littafin da aka buga hukuncin, sai shafi. Duk alƙalin da ya ga wannan, magana ta ƙare."

"Wace shekara ce?" in ji yayana.

"Tun ban shiga firamare ba."

Yayana ya dube ni yana murmushi. A zaure haka muka taso, idan magana ta fito daga littafin magabata, na baya sai ya yi shiru. Muka koma gida Tudun Wada da farin ciki, har yayana ya raba goro a masallaci.

Ranar zama, lauyar maƙwabcin, wata mace 'yar kudancin Kaduna, ta saurara har namu ya gama. Sannan ta miƙe a hankali ta karanta nata layin: sunaye, shekara, kundi, shafi. Tafintan kotu ya juya mana da Hausa. Ashe kotun ƙoli ta daɗe da soke hukuncin da muke taƙama da shi. A wajensu, idan kotun da ke sama ta yi magana daga baya, ta farko ta mutu, ko da tana nan a littafi da tawadarta.

A waje yayana ya riƙe hannun rigar lauyan.

"Kai yaro, ba ka duba ba?"

"Baba, littafin sabo yana da wuyar samu."

Lauyan ya zare hannun rigarsa, ya tare mai keke napep.

Daga ƙarshe kotu ta ba maƙwabcin rabin gonar. Na san hukuncin Allah ne, na kuma yi ƙoƙarin karɓa. Amma yayana bai sake taka Kagara ba har ya rasu. Ni nakan je. Bara na tarar maƙwabcin ya sare ɗorawar da mahaifinmu yake salla a ƙarƙashinta, ya tayar da kunyoyin doya a wurin.