Shafuka Huɗu da Yaya Ba Ta Rufe Ba

Ko da zan manta komai na shekarata ta ƙarshe a sakandare, ba zan manta da Juma'ar da na buɗe saƙon Yaya na tarar da abin da ba karatu ba a cikinsa.

Mu biyu ne mata a gidanmu da ke Ƙofar Marusa, ita babba, ni auta. Ita ce mai baki, ni kuwa ko baƙo ya yi sallama sai in shige ɗaki. Da ta samu gurbin karatun likita a wata jami'a can kudu, sai gidan ya yi mini faɗi. Aka jingine katifarta a bango, ƙusar da take rataye hijabi ta zauna haka nan ba komai. Ba ta cika wata uku da tafiya ba sunanta ya ɓace a unguwa, kowa Likita yake cewa. Baba ma a rumfarsa ta atamfa a Babbar Kasuwa, maƙwabtansa Baban Likita suke kiransa, shi kuma ya yi murmushi ya gyara zaman hula.

Kafin ta tafi ta bar mini tsohuwar kwamfutarta, ta kuma sa wata 'yar manhaja a jikin burauzar da nake shiga intanet da ita. Aikinta ɗaya ne. Idan mutum ya buɗe shafuka da yawa, sai ya danna ta, ta tattara su duka ta ƙulle a linki guda. Wanda aka tura wa shi kaɗai zai gani, kuma zai same su a jere yadda aka bar su.

“Auta, na san halinki,” in ji ta. “Ko na kira ki, daga ‘i’ sai ‘a'a’. To duk Juma'a zan ƙullo miki karatu. Ki buɗe ki karanta, ban son jin uzuri.”

Ƙunshi muke ce masa. Duk Juma'a bayan la'asar yake zuwa, shafi bakwai ko takwas. Da shi nake hira da ita ba tare da na buɗe baki ba. Na lura kullum lissafi take sawa a ƙarshe, don ta san ba na son shi. A tsakiya kuma takan cusa hoton zanen lalle ko bidiyon kyanwa tana faɗa da madubi. In na kai wurin sai in yi dariya ni kaɗai a ɗaki, in ji kamar tana zaune a gefena.

Ran nan ƙunshin ya zo da shafi goma sha ɗaya. Bakwai na farko karatu ne kamar kullum. Na takwas shafin jami'arsu ne, inda aka rubuta hukuncin ɗalibin da ya faɗi babbar jarrabawa sau biyu: za a cire shi daga sashen. Na tara wani dandali ne da wata ta tambayi yadda mutum zai gaya wa iyayensa ya faɗi. Na goma bayani ne kan rashin barci da kasa cin abinci. Na ƙarshe taswira ce, irin wadda ake ganin gari ta sama. An jawo ta, an jawo ta, har ta tsaya a kan gida ɗaya. Na ga rufin kwanonmu da tsatsar da ta ci gefensa, na ga itacen bedin tsakar gida, har da tankin ruwanmu.

Ina zaune a cikin gidan, ina kallonsa da idon wadda ke nesa da shi.

“Auta, mi Likita ta aiko yau?” Umma ce ta ɗaga murya daga madafa.

“Karatu ne, Umma.”

Na rufe kwamfutar. Nan take na yanke wa kaina cewa mantuwa ce. Manhajar duk abin da ta samu a buɗe take kwashewa, Yaya ta manta ba ta rufe nata ba. Na ga kamar na leƙa ɗakinta tana canja kaya. A tarbiyyarmu idan ka ga irin wannan, kawar da kai kake yi. Sai na rubuta mata abin da na saba: “Na gani, na gode.” Yanzu da na girma, in na tuna waɗannan kalmomi huɗu sai in ji kunya ta kama ni.

Sati huɗu na yi ina ɗauke da abin ni kaɗai. Ranar Lahadi idan ta kira, Baba ya ce, “Likita, ya karatu?” sai in ji ta ɗan ja numfashi kafin ta ce, “Alhamdu lillahi, Baba.” Ba wanda ya kula da wannan numfashin sai ni. Ƙunshin ya ci gaba da zuwa, amma ya rame. Lalle ya ɓace, kyanwa ta ɓace, shafi biyar, shafi uku. A makaranta ina zaune a kujerar baya, ƙawaye na ta surutu, ni kuwa ba wadda zan iya gaya wa.

A Juma'a ta huɗu ba abin da ya zo. Na jira har aka kira magariba. Sai na ɗauki wayar Umma na zagaya bayan tanki na kira ta. Ta ɗauka, muka gaisa.

“Yaya,” na ce da ƙyar, “na ga gidanmu.”

Sai ta ce, “Yaushe?”

“Tun ranar da kika turo.”

“Sati huɗu, Auta?”

“Na zaci mantawa kika yi. Ban so ki ji kunya.”

Ta yi wata dariya da ba ta daɗi ba, wadda ta ƙare da kuka. “Mantawa? Sau uku ina rufe su ina sake buɗewa kafin in danna. Duk gidan ke kaɗai ke ganin abu. Na ce in kin gani za ki tambaye ni, ko ki faɗa wa Umma ki hutar da ni. Da kika ce kin gode, sai na ce shi ke nan, ita ma ba ta son Yayar da ta faɗi.”

A ranar ta gaya mini sakamakon jarrabawar da ta sake rubutawa ya fito tun farkon satin, kuma an cire ta. Ita kaɗai ta je ta karɓi takardar, ita kaɗai ta koma ɗaki da ita.

Na samu Umma tana tsintar shinkafa. Ban taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba, kaina a ƙasa na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye faifan.

“Ni likita na haifa ko 'ya?” ta ce. “Miƙo wayar nan.”

A daren Baba ya ji labari. Washegari bai buɗe rumfa ba, tasha ya nufa, ya je ya taho da ita da kansa. Daga baya ta karanta wani fannin, kuma tana zaune lafiya. Ba ta taɓa yi mini gorin abin ba. Amma ni na san akwai sati huɗu da ta yi ita kaɗai a garin da ba ta da kowa, alhali ta riga ta kira ni.

Abin da na koya shi ne, ba kowane shiru ne rufin asiri ba. Wani abin da kake zaton ya suɓuce wa mutum, da gangan ya sake shi, don bakinsa ya kasa faɗa. Tun daga lokacin, idan na ga alamar damuwa a wurin wanda nake ƙauna, tambaya nake yi ko da muryata tana rawa. Gara a ce mini “ina ruwanki” da in sake barin wani yana jirana.